Rufin Ɗakin Inna Dela

Ɗakin da ke saman benen, Thamer da kansa ya gina shi tun kafin ya yi aure, don ya riƙa zuba tarkace. Bulo aka jera, aka ɗora katako, aka rufe da shingil, wato fallayen kwalta masu yayyafin tsakuwa a baya, irin waɗanda masu hali ke rufa wa rumfunan shan iska. Ragowa ce ya samo a siton da yake aiki a Khumra, inda yake tuƙa motar ɗaga kaya. Bai taɓa kawowa mutum zai kwana a ciki ba, sai da yaƙin Sudan ya iso garin su matarsa Zubaidatu, surukarsa Inna Dela ta biyo jirgin ruwa ta sauka Jidda da jaka ɗaya a hannu.

A ƙasa babu wuri. Ɗaki biyu ne da falo a unguwar Mahjar, ɗaya nasu da jaririyarsu Razan, ɗaya na mahaifinsa Baba Usuman, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Sai Thamer ya kwashe tarkacen sama, ya shafa fenti, ya sa na'urar sanyi da gado, Inna Dela ta tare.

Ta yi godiya, daga nan kuma ta yi shiru. Wata da watanni ba ta cewa komai sai amsa gaisuwa. In an kai abinci ta taɓa kaɗan ta rufe. Thamer bai san yadda zai yi da ita ba. Ga kunyar surukuta, ga shi Hausarsa ta kunne ce: haihuwar Jidda ne, kakansa ne ya zo aikin Hajji a ƙafa ya zauna. Yana jin duk abin da aka faɗa, amma in zai mayar sai Larabci ya riga shi fitowa.

Wata safiya Zubaidatu ta sauko da baƙin yashi a tafin hannu, ta miƙa wa Thamer.

"Abu Razan, Inna ta ce a nuna maka. Kullum sai ta share irinsa a gindin bango. Wai rufin ne ke zubar da shi, rana ta cinye shi."

Ya murza yashin a yatsa. Tsakuwar bayan shingil ce. "Ki ce mata kada ta damu, nan Jidda ne. Sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba."

"Na faɗa mata. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya."

Thamer ya yi dariya, amma maganar ta bi shi har Khumra. Tun zuwan tsohuwar nan, wannan ne abu na farko da ta nema. Da aka tashi cin abincin rana ya sami Abdulelah, mai kula da siton, ya yi masa bayani. Abdulelah ya kai shi can ƙurya ya nuna masa wasu bokitai.

"Azil za ka shafa, maganin hana ruwa ratsawa. Amma kada ka ɗauki baƙin nan na kankare, zai narkar maka da kwaltar. Ga na shingil, da ruwa aka haɗa shi. Ka share rufin tas, ka tabbata a bushe yake. Fallen da ya tsage ka canza shi, azil ba ya toshe rami. Ka shafa siriri, ya bushe, ka ƙara." Ya tura masa bokiti biyu da suka lotse a wajen sauke kaya. "An riga an cire su daga na sayarwa. Ɗauki, ka gaida Hajja. Yalla, mu je."

Ranar Juma'a da sassafe, kafin rana ta yi zafi, Thamer ya kafa tsani ya hau. Yana cikin shara ya ji murya daga ƙasa.

"Ɗana, ka bi ta kwance. In ka share daga ƙasa zuwa sama za ka ɗaga bakinsu."

Ya leƙo. Inna Dela ce tsaye, ta ɗaure ƙugu da mayafi. Ya ce, "To, Inna," ya juya tsintsiya. Ita ta riƙa nuna masa fallayen da suka tsage, don ta daɗe tana kallonsu daga kan sallayarta. Da ya buɗe bokitin ta leƙa, ta ga abu fari kamar kindirmo, ta shinshina, ta ce ko wari ba ya yi. Rufin ba shi da tsayi, kuma burusan naɗi biyu ya kawo, masu dogayen sanduna. Kafin Thamer ya gama ɓarin gabas, ta ɗauki ɗaya sandar ta hau kan benci ta kama bakin rufin ta yamma.

"La, ya Inna, ki sauka! Ni zan yi."

"Na yi wanda ya fi wannan," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Suna shafawa tana magana, kamar da rufin take yi. Ta ce kakarta ta ba ta labarin makuba, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a ƙasar Hausa a shafe soro da shi. Su kuma a garinsu Mai Wurno, can Sudan a bakin kogi, taɓo da kashin dabbobi suke kwaɓawa su bar shi ya ruɓe, su yaɓe rufi duk shekara kafin damina. Tun rasuwar mijinta ita ke tsayawa a kan aikin.

"Bana ma na yi," ta ce. "Na yaɓe shi tsaf, ko bushewa bai gama yi ba aka ce ga mayaƙa nan sun ƙetaro kogi. Na kulle ƙofa na fito. Ban ga ruwan farko a kansa ba."

Thamer ya tsaya da sanda a hannu. Ya lalubi abin da zai ce da Hausa ya rasa, na Larabcin kuma ya ga bai dace ba. Sai ya tsoma burushi ya ci gaba, ita ma ta ci gaba.

Bayan shafi na biyu ya bushe, farin ya ɓace, rufin ya koma kamarsa sai ɗan sheƙi. Ta sa ya hau da buta ya tsiyaya. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangaro.

"Kamar a ganyen gwaza," ta ce.

"Mene ne gwaza?"

Ta dube shi, sai ta fashe da dariya har da riƙe bango. Zubaidatu ta hawo da gudu, don ta manta rabon da ta ji wannan dariyar.

Sanyi ya shigo, wata ranar aiki da hantsi gari ya yi baƙi ta wajen teku. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Thamer yana Khumra, tituna suka zama koguna, motoci suka tsaya cak. Ya kira Zubaidatu, ta ce ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, daga nan waya ta katse. Mahaifinsa ne ya faɗo masa a rai, kwance a katifa a ƙasa, ko juyawa ba ya yi sai an juya shi. Wani mai babbar mota ya rage masa hanya, sauran ya taka a ƙafa, ruwa wani wuri har gwiwa, wani wuri har cinya.

Bayan la'asar ya iso. Falo ya cika da ruwan taɓo, takalma na yawo a kai, katifar Baba Usuman ta jiƙe sharkaf, babu kowa. Ya haye bene yana kiran mahaifinsa, "Abuya! Abuya!"

Ƙamshin gahawa da citta ne ya tare shi. Baba Usuman na kwance a gadon Inna Dela, an lulluɓe shi da bargonta. Zubaidatu na gefe da Razan a cinya, ga matan maƙwabta biyu da ƙullin kayansu, ga Garba mai gyaran firiji na gidan gaba yana matse riga a bakin ƙofa. Thamer ya ɗaga kai ya bi katakon rufin da ido. Ko ɗigo babu.

"Inna ce," in ji Zubaidatu. "Ni na ruɗe, ina ta tare ƙofa da tsumma. Ita ta fita cikin ruwan ta bubbuga wa Garba, suka sa Baba a bargo, mu uku muka hawo da shi."

Inna Dela na tsugune gaban ɗan risho tana tace gahawa a ƙananan kofuna, tana ba wannan umarni ta matsa, tana ce wa waccan ta rufe wa yarinya kai. Baba Usuman ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yafito ɗansa, ya ce da harshensa mai nauyi, "Ka gode wa baiwar Allah nan."

Thamer ya durƙusa a gabanta, wandonsa na ɗigar da ruwa a kan tabarma. Ya tattaro duk Hausar da yake da ita.

"Inna, na gode. Allah ya... Allah ya rufa ki, yadda kika rufa mu."

Matan suka ƙyalƙyale da dariya, Garba ya ce, "Ya rufa mata asiri, za ka ce!" Inna Dela ba ta yi dariya ba.

"Na ji abin da ya ce. Amin, ɗana. Halas, ya isa, tashi, kana jiƙa mini tabarma."

Ta miƙa masa kofi, ya shanye da zafinsa. Baba Usuman ya yi mako guda a ɗakin kafin ƙasa ta bushe, Inna Dela ta koma falo wajen 'yarta ana ta wankin dardumai tare. Thamer kuwa, da aka koma aiki, ya tsaya a hanya ya sayi tiren kunafa mai zafi, kayan zaƙin Larabawa, ya kai wa Abdulelah, suka ci a tsaye a ƙofar sito tare da sauran ma'aikata.