Kaito Mai Tsaron Baya

Daren jiya na cika cikina da ɗanwake na kwanta, sai mafarki ya jefa ni wani gari inda ruwan sama yake tsattsafowa daga ƙasa ya nufi sama. Dokar garin kuwa, duk wanda aka daina kiran sunansa nauyinsa zai ragu, ruwa ya tafi da shi.

A ofishin shahara akuya ce shugaba, sanye da tabarau, tana ta tuƙa abinta. A gabanta ga wani dattijo ɗan Japan, ƙafafunsa sun riga sun bar ƙasa, ya ƙanƙame tebur. Ya ce mini a da shi ɗan ƙwallo ne, mai tsaron baya a wata ƙaramar ƙungiya. Sau ɗaya tak ya taɓa cin ƙwallo, ita ma a ragarsu. Yanzu a ƙasarsu ko mai sayar masa da kifi ya manta sunansa. Akuya ta ce shahararsa ba ta kai ta mai ɗaga tuta a gefen fili ba, ya saki tebur a wuce wurin.

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Na cafke idon sawunsa, na tambayi sunansa.

"Kaito," in ji shi.

Sai ga mu a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, ina janye da shi kamar balan-balan. Wani ɗan wasa ya ɓarar da fanareti, gida duk ya ɗauka: "Kaito!" Dattijo ya ɗan sauko. A kasuwa ƙwai ya suɓuce wa mai shayi, ya kira shi. A bakin rijiya gugan wata tsohuwa ya tsinke, ita ma ta kira shi. Kan ka ce me, mutumina ya dira tim, har ya nutse cikin taɓo, yana dariya da hawaye.

"Ashe har tsofaffi sun san ni a nan?"

Sai ga akuya a bayan ɗan acaɓa. Ta ce mini, Malam Tsalha, yarenku ne, gaya masa abin da ake nufi. Ƙarya ba halina ba ce, gaskiya tsirara kuma za ta mayar da shi sama.

Na ce, "Mu a nan, duk abin da ya kuɓuce mana, kai muke kira."

Ya sunkuya har goshinsa ya taɓa gwiwa. "Ai aikin mai tsaron baya ke nan."

Akuya ta cinye tabarau ɗinta.

Ƙarar kwano ce ta tashe ni. Akuyar gidanmu ta kifar da ƙullun koko, ga matata Kulu a tsakar gida tana cewa kaito, kaito. Daga kan gado na ce ta ƙara murya don Allah, kada ruwa ya tafi da bawan Allah.

Ta ce daga yau na gama cin ɗanwake da dare.