Sunan da Masu Fito Ba Sa Faɗa

Shekara ashirin da biyu ina koyar da labarin ƙasa, ina rubuta sunan koginmu a allo, yara suna hamma. Har ma'anarsa nakan ba su, wai a tsohon harshe "mai karɓa" yake nufi. Ni da ko a baho ban iya iyo ba.

Baba kuwa shekara hamsin ya yi yana fito da kwalekwale, ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Masu fito Dattijo suke ce wa kogin, masunta su ce Maƙwabci, mata masu wanki su ce Mai Shiru. Ainihin sunan sau ɗaya mai fito yake faɗa, ranar da zai yi sallama da ruwa. Wanda ya mutu bai faɗa ba, in ji su, Dattijo bai sallame shi ba.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, harshensa ya karye. Wata Talata da hantsi ya yi ta nuna taga har na gane. Na ɗora shi a keken asibiti na tura shi gaɓa, ina haki kamar ni ne majinyacin.

Tsohon abokin fitonsa, Gurgu, yana zaune yana toshe ɓular jirgi.

"A'a, Malam Alli! Yau kai ne a bakin ruwa? Riƙe wandonka kar ya jiƙe."

"Baba ne ya matsa, Kawu."

Gurgu ya dubi Baba, dariyarsa ta ɗauke. Baba yana kallon ruwan, leɓensa yana motsi, sai yawu. Ya gwada sau uku. Sannan ya damƙi hannuna da hannunsa mai lafiya, ya nuna bakina.

"Aron baki yake nema," in ji Gurgu. "Faɗa masa."

"Kawu, wannan fa camfi ne."

"To in camfi ne, me ya hana ka?"

Na buɗe baki. Kalma ce mai gaɓa biyu kacal. Na san in na faɗa, Baba ba shi da sauran abin jira. Ruwan ya kwanta lamo, ko tsuntsu babu, kamar shi ma ya kasa kunne. Farcen Baba ya shiga fatata.

Na faɗa, a hankali, muryata kamar ta wani.

Wata 'yar igiyar ruwa ta taso, ba iska, ba jirgi, ta taɓa tayar keken ta koma. Gurgu ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Baba ya saki hannuna. A gida ya sa aka juya masa gado ya fuskanci bango, bai ƙara duban taga ba. Kwana tara ya yi, yana barci kamar jariri.

Bayan an binne shi Gurgu ya ja ni gefe.

"Bakinka ne fa ya faɗa, ba nasa ba. Ban san wanda Dattijo ya sallama ba cikinku."