Ƙoƙi-ƙoƙin Mufida

Tun da Mufida ta rasu, uwarta Suwaiba ba ta sake taka ƙofar ɗaki ba sai da larura. Ba ta yi kuka ranar ba, ba ta kuma yi daga baya ba. Matan unguwa suka yi ta yabon haƙurinta, har sai da suka ga wuyanta ya fara tsawo, zani yana zame mata daga ƙugu. Sannan suka bar yabo suka koma kawo kunu. Kunun ma a inda aka ajiye shi yake hucewa.

Mijinta Cindo masunci ne a wani ƙauye da ke bakin ruwa kusa da Wara. Mutum ne da ya san inda kifi yake kwana, amma bai san yadda ake lallashin mace ba. In ya shiga ɗakin sai ya zauna a bakin gado, ya yi ta murza hularsa, ya ce, "Suwaiba, ki ɗan taɓa abinci." Ita kuma ta ce, "To." Daga nan maganarsu ta ƙare. Ya binne 'yarsa tilo da damina, yanzu ga shi yana kallon matarsa tana bin ta a hankali. Tsoro yake ji ƙwarai, kuma babu wanda zai gaya wa.

Abu ɗaya ne ya rage da Suwaiba take ɗaga kai dominsa, wato ƙoƙi-ƙoƙin Mufida. Yarinyar ta tsince ta tana 'yar mitsitsiya a jikin zana, ta sa ta a robar alawa, ta rufe bakin da guntun taru. Ta raɗa mata suna Gwaggo, wai don tana juya kai tana bin mutum da ido kamar mai neman laifinsa. Kowa a gidan ya yi wa yarinyar dariya. Wa ya taɓa jin an yi kiwon ƙwaro, ga kaji, ga agwagi? Amma Mufida ba ta kula ba. Kullum da hantsi sai ta ɗaura wa Gwaggo zare a ƙugu, ta kai ta cikin ciyawar bayan gida ta yi farauta.

Bayan rasuwar, aikin ya faɗo kan Cindo. Ƙato da shi, da furfura a gemu, sai ka gan shi tsugune a ciyawa riƙe da zare, 'yan uwansa masunta suna wucewa suna kau da kai don kunya. Bai damu ba, domin ya lura da wani abu. In ya dawo da robar, Suwaiba takan ɗaga ta ta duba cikin Gwaggo. In ta ga ya yi tulu, sai ta ce, "Ta ci," ta jawo kwanon kunu ta kurɓa kaɗan. Da wannan 'yar kurɓar take rayuwa.

Da kaka ta matso, ruwan tafki ya cika ya haura, ya shanye ciyawar bayan gida. Gwaggo ta kwana biyu ba ta samu abin kirki ba. Cindo ya gwada ba ta ƙuda da ya kashe, ta dube shi ta kau da kai, domin ba ta cin mushe. Suwaiba ita ma ta ture kwano.

Rannan bai fita su ba. Ya ɗauki robar ya nufi tudu, can inda manoma 'yan dutse suke da gonaki. Ya tarar da wata gonar wake ta yi kore shar, fure ya rufe ta. A bakin gonar an kafa sanda, an kifa mata wata farar kwalbar roba a kai.

Cindo ya ga kwalbar sarai. Amma a ruwa ya tashi, kuma a ruwa kwalba a kan sanda abu ɗaya take nufi: nan akwai tarun wani, kada ka taɓa. Sai ya ɗauka mai gonar ne yake shaida wa mutane cewa waken nan da mai shi. Ya ce a ransa, ai shi ba ɗiban wake ya zo yi ba. Har ma ya yaba kwalbar, ya ga za ta yi daɗin ɗaura wa taru.

Ya yi bismilla ya saki Gwaggo a kan ganye. Ta tsaya tana rangaji, hannuwa a naɗe. Can sai ta cafke wata 'yar fara da ke zaune shiru, ko yunƙurin gudu ba ta yi ba. Cindo ya ji daɗi, ya ce yau an dace da sauƙi. Ta cinye ta tas, ta shiga lasar hannuwanta da ke jiƙe da laimar ganye.

"Malam Cindo! Fito daga nan!"

Lidiya ce mai gonar, wadda ake kira Maman Zipora. Takan sayi kifi a wurinsa ranar kasuwa. Ta taho da sauri, tankin feshi yana rataye a bayanta.

"Ba ka ga kwalba ba? Yanzu-yanzu na gama feshi. Don makiyaya muka sa ta, kada dabba ta shiga ta ci."

Cindo ya dubi kwalbar, ya dubi ganyen da ya ɗauka raɓa ce a kai. Sai yanzu warin ya bugi hancinsa. Da ya jawo zaren, Gwaggo ta faɗo a tafin hannunsa, ƙafafunta suna karkarwa.

"Maman Zipora, akwai abin da za a yi mata? Ko madara? Ko manja?"

Lidiya ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta ga fuskarsa. Duk yankin an san labarin robar. Ta sauke tankin, ta tsiyaya masa ruwan gorarta ya wanke ƙwaron. Babu abin da ya canza.

"Wallahi ban sani ba, Malam," ta ce. "Ka yi haƙuri." Ta nuna wata fadama da hannu. "Can ba a yi feshi ba. Suna nan da yawa, koraye irin wagga. Mu kamo wata ka sa. Wa za shi gane?"

Cindo ya daɗe yana kallon fadamar. Shawarar ta shige shi, har ya ɗaga ƙafa. Sai ya tuna yadda Suwaiba take riƙe robar kusa da idonta. Idan ta gane, ba za ta ce komai ba, za ta ce "To" ne kawai, kuma daga ranar ba ta da kowa a gidan da za ta yarda da shi. Ya girgiza kai.

"A'a. Ni na kawo ta, ni za ni maishe ta."

Hanyar gida ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. Bai mayar da Gwaggo cikin roba ba, a hannu ya riƙe ta, ya yi mata inuwa da ɗayan hannun. Kafin ya kai rijiyar gari karkarwar ta tsaya.

Ya yi sallama a ƙofar ɗaki, amma ƙafarsa ta ƙi shiga. Ya tsaya a waje cikin rana.

"Suwaiba, na yi ɓarna. Na kai ta gonar da anka yi ma feshi. Ban san alamar ba."

Ya ji gado ya motsa, sannan labule ya ɗaga. Ta fito tana dafa bango, tana runtse ido saboda haske. A rana ya ga irin ramar da ta yi. Ta kama hannunsa ta buɗe yatsun, ta daɗe tana kallon abin da ke ciki.

"A hannunka ta cika?"

"A hannuna."

Ta gyaɗa kai. Ta zauna a dokin ƙofa, ba ta saki hannun ba, dole shi ma ya durƙusa.

"Ita ma?" ta ce.

Ya gane wadda take nufi. Ranar da zazzaɓi ya yi wa Mufida tsanani, shi ne ya ɗauke ta a jirgin inji zuwa asibitin Yauri, Suwaiba tana tsaye a gaɓa. Gawa ya dawo da ita. Tun daga ranar ba ta tambaye shi komai ba, shi kuma ya ɗauka rufe bakinsa tausayi ne.

"Ita ma," ya ce. "Ba mu kai ba. Muna tsakiyar ruwa."

"Ta sha wuya?"

Ya so ya ce a'a. Amma yau ya riga ya ƙi yi mata ƙarya sau ɗaya.

"Ta sha, kaɗan. Daga baya ta lafa. Na ɗebo ruwa na shafa mata a goshi, ta buɗe ido ta ce, 'Baba, Inna ta iso?'"

"Mi ka ce mata?"

"Na ce kin iso. Na ce hannunki ne."

Suwaiba ta ɗago tafinta ta dube shi. Sai wata ƙara ta fito daga ƙirjinta, irin wadda Cindo bai taɓa ji ba, har maƙwabta suka firfito. Wata tsohuwa ta nufo su za ta ba da haƙuri, ya ɗaga mata hannu.

"Ku bar ta," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Don Allah ku bar ta."