Rinin da Ya Kama Naman Gwaggo

Shekara tara ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti kafin naman Gwaggo ya iso teburina. Gwaggo ƙanwar babana ce, tela, ita ta yaye ni. Da ƙyar na ja ta gwajin bakin mahaifa. Abin da likitarta ta gani bai kwanta mata ba, sai ta tsinko ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa ta aiko mana.

Ƙa'idar aiki ba ta yarda in yanke hukunci a kan ɗan'uwa ba, don haka na miƙa gilashin da aka shimfiɗa naman a kai ga Oga, babban likitan ɗakinmu. Ya daɗe a kan madubin ƙara girma, sannan ya ɗago.

"Abin ya tsaya tsaka-tsaki. Wataƙila kumburi ne kawai. Ta dawo nan da shekara."

"Oga, na san Gwaggona. In ta fita ƙofar nan, ko da igiya ba za a dawo da ita ba. A sa masa rinin p16, mai tona mugun tsiro, mu gani."

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Kin ga wani abu ke nan."

"Gefen hagu, can ƙasa. Ƙwayoyin sun cunkushe, ba sa bin layi."

Ya sake dubawa, ya ce a sa.

Bayan kwana biyu ya kira ni. Naman ya rine ruwan ƙasa tun daga tushe har sama, babu tsallake. Oga ya sa hannu a takarda, ya ce, "Idonki ya riga nawa."

Likitarta ta yi mata bayani, amma da na je shago da la'asar, Gwaggo ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Auta, faɗa mini da Hausa. Sankara ce?"

"Ba ta kai ba, Gwaggo. Akwai wata ƙwayar cuta da ke shiga bakin mahaifa. Yawanci jiki kan kore ta. In ta zauna, sai ta cusa ƙwayoyin gadonta cikin na mutum, ta lalata birkin da ke hana nama tsiro barkatai. Jiki kuma sai ya yi ta zubo wani furotin don ya tsayar da abin. Shi rinin ya kama. Ya nuna an ɗauki hanya, amma da sauran tafiya."

"Wato birkina ya tsinke."

"A wuri ɗaya, bai fi farcenki ba. Za a kankare shi, minti ashirin."

Ta warware zare daga yatsa. "Ke kika gani da idonki?"

"Ni na gani, Oga ya tabbatar."

"To, ranar Laraba. Talata ina da kayan mutane."

Ranar Laraba ta shiga da ƙafarta, ta fito da ƙafarta, tana mitar an hana ta taka keke na mako biyu. Naman da aka cire ya zo mana, gefunansa duka lafiya. Bayan wata shida gwaji ya nuna babu ƙwayar cutar.

Na kai mata takardar shago. Ta sa na karanta mata sau biyu, ta ninke ta jefa cikin aljihun keke, sannan ta jawo tef.

"Ɗaga hannu. Wannan farar rigar taku ta aiki ta yi miki buhu."