Gurbin da Yaya Nazeer Ya Samo

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Sadiya Isyaku tana aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin roba a Sharaɗa. Kujerar manajan sashen ta daɗe babu kowa, mai kamfanin kuma ya ce ba zai ɗora kowa a kai ba sai mai digiri na biyu a fannin kasuwanci.

Sadiya ta duƙufa bincike. MBA take so, amma wanda za a koya mata dokar ƙwadago da sasanta ma'aikata, ba lissafi da talla kaɗai ba. Na wata jami'a a kudu ya fi ƙarfi, sai dai dole ta ajiye aiki. Na nan gida kuwa ya fi karkata ga harkar banki. Hankalinta ya soma kwanciya da na Zariya, wanda ake yi Asabar da Lahadi.

Tsautsayi ya sa ta yi zancen a tsakar gidansu na Mandawari ranar da Nazeer, ɗan wan babanta, ya zo gaisuwa. Tun da ubangidansa ya ci zaɓen majalisa, Nazeer ba ya jin matsala ya ƙyale ta.

"Bar min wannan, ƙanwata," in ji shi. "Yanzu gwamnati a hannunmu take."

"Yaya, ai ban gama zaɓa ba tukuna."

"Ba mastas ba ce? An gama."

Da ya tafi ta ce ita dai za ta nemi na Zariya da kanta. Mahaifinta, Malam Isyaku, ya hana. Ya ce ba a sa babba aiki sannan a zagaye ta bayansa, ta jira a ji abin da zai kawo.

Ta jira. Ran nan ta dawo daga aiki ta tarar Umma ta riga ta aika wa maƙwabta albishir, Nazeer na zaune a kan tabarma yana karɓar godiya. Ya samo mata gurbi. Da ta tambayi fannin, ya ce gudanar da aikin gwamnati, don a sashen nan mutuminsu yake.

Sadiya ta ce, "Yaya, ba shi nake nema ba. Wannan na ma'aikatan sakatariya ne. Ni a kamfani nake."

"Duk ba kula da mutane ba ne?" Baba ya tambaya.

Ta yi bayani, ta sake yi. Umma ta ce ta rage murya. Nazeer ya ce sau nawa ya cire hula a gaban mutane saboda ita, yanzu da wane ido zai koma ya ce ba ta so.

Washegari ta je ta tambayi mai kamfanin ko zai karɓi wannan digirin. Bai ko ɗago kai ba ya ce shi na kasuwanci ya ce. Ta dawo ta shaida wa Baba ba za ta je ta ɓata shekara biyu a kan abin da ba zai amfane ta ba. Bai yi mata faɗa ba, ya dai sa babbar riga ya tafi Gwale ba wa yayansa haƙuri, abin da ya fi faɗan ƙona mata rai. Da ta samu ta leƙa Zariya, aka ce an rufe ɗaukar ɗalibai sai baɗi. Kafin azumi aka kawo wani daga Legas aka ba shi kujerar.

Shekara ta zagayo, ta nemi na Zariya shiru ba tare da ta gaya wa kowa ba sai Baba, aka kuma ɗauke ta. Ta fara sammakon Asabar zuwa tasha.

A wani taron suna a Ƙofar Wambai, Gwaggo Luba, ƙanwar babanta, ta jawo ta gefe ta ce, "Kin je kin yi wa yayanki godiya kuwa? Ya ce da ƙyar ya samo miki na Zariyan nan, bayan kin watsa masa ƙasa a ido a na farko."

Sadiya ta dubi matan da suka zuba mata ido. Ta ajiye kwanon waina, ta ce bari ta je ta wanke hannu.