Gishiri a Tsohuwar Kwalba

Zuciyar tsohon telan ta tsaya ranar Laraba da hantsi, yana zaune a benci a layin masu jiran likitan ƙoda. Da yake a cikin asibiti abin ya faru, an samu an tayar da ita. Shi ne dai bai farka ba. Gwajin da aka yi masa ya nuna fotasiyam ya yi masa yawa a jini, kuma kafin la'asar an gano inda ya fito, wato kwalbar gishirin da ke kan kanta a kicin ɗin gidansa. Wadda ta cika kwalbar 'yarsa ce, ta biyu a 'ya'yansa, mai koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, wadda kowa a gidan yake kira Malama, har shi uban.

Abin ya faro ne tun ranar da likita ya ce ƙodojin Baba sun yi rauni. Mama ce ta raka shi, ta dawo da dokoki a ka. A rage gishiri sosai. Ban da ayaba. A riƙa kawo shi awon jini.

"Ayaba kuma me ta yi?" in ji Auta, ƙaramarsu.

"Ni na sani? Mutane na jira a bayanmu, zan tsaya yi wa likita tambayar ayaba?"

Malama tana gefe tana duba takardun jarrabawa. Ta ji tambayar, ta ji amsar, ba ta ɗago kai ba.

Baba bai damu da ayaba ba. Gishirin ne ya zama rigima. Ya ɗanɗana miyar farko, ya ajiye cokali, ya dubi Mama.

"Wannan miya ce, ko ruwan da kika wanke tukunya?"

"Likita ne ya ce."

"To ki kai wa likitan ya sha."

Haka aka yi ta yi. Ya ci loma biyu ya ture kwano, ya ce shi ba zai ƙarasa rayuwarsa a kan abinci lami ba. Ya rame har sai da ya hau keken ɗinkinsa ya rage ƙugun wandunansa da kansa. Yaya, babban ɗansa mai walda, ya taɓa kama shi a bayan shago yana cin abincin sayarwa, yana barbaɗa gishiri daga ƙullin leda kamar mai satar hanya. Yaya ya zo gida yana faɗa, a ƙarshe ya juya kan Malama.

"Ke likitar allo, duk karatun nan naki ba ki da dabara? Sai zanen hanjin kwaɗo?"

Ta samo dabarar a wani kyamis da ke hanyarta ta dawowa daga makaranta. Farin gari ne a fakiti, an rubuta gishirin masu hawan jini. Ba ta saya da ka ba. Ta juya fakitin ta karanta abin da ke ciki, ta ga an cire yawancin sodiyam an sa fotasiyam a madadinsa, sai hankalinta ya kwanta. Wannan ai darasinta ne. Duk shekara tana zana shi a allo, da'ira babba, ita ce ƙwayar halitta, da layi biyu a gefenta, shi ne tantanin da ya kewaye ta. Takan ce wa ɗalibai tantanin nan ba katanga ba ne, ƙofofi gare shi da masu gadi, kuma akwai famfo a jikinsa da ba ya hutawa, yana fitar da sodiyam waje yana jawo fotasiyam ciki. Sodiyam ɗan waje ne, fotasiyam ɗan gida. Haka take sa su haddace, haka suke rubuta mata a jarrabawa ta ba su maki. Ta ga me zai fi wannan, a ba Baba ɗanɗanon da yake so da abin da ƙwayoyin jikinsa suke nema da kansu.

Abin da bai zo mata ba a gaban kantar kyamis shi ne wanda yake zubar da ragowar. Ta san amsar, ƙoda ce. Amma a tsarin karatun da take bi, tantanin ƙwayar halitta a zangon farko yake, ƙoda kuma sai zango na uku, kuma a shekarun da ta yi tana koyarwa ba ta taɓa zana su a allo ɗaya ba.

A gidan ba a jayayya da Baba, kewaye shi ake yi. Lokacin da aka so rage masa sukari a shayi, cokalin aka canja da ƙarami, bai kuma taɓa lura ba. Don haka Malama ta zazzage tsohuwar kwalbar gishiri mai jan murfi, ta wanke, ta juye sabon a ciki, ta jefar da fakitin.

"Na magani ne, Mama. Ki sa yadda kika saba."

Mama, wadda ta gaji da ganin kwano yana dawowa a cike, ta sa fiye da yadda ta saba. A daren farko Baba ya cinye, ya siɗe yatsa.

"Yau an tuna da ni. Sai dai gishirin zamanin nan ɗaci-ɗaci yake."

"Bakinka ne, Baba," in ji Malama. Auta ta ruga kicin don kada dariya ta tona su.

Ya murmure. Ya koma shago da ƙarfinsa, ya karɓi ɗinkin kayan makaranta mai yawa. Da lokacin awon jini ya zo, ya ce ba shi da ranar ɓatawa a layi alhali lafiyarsa ƙalau. Mama ta dubi Malama, don ita ake dubawa a irin wannan.

"Tunda yana cin abinci, a bar shi. In an yi hutu ni zan kai shi da kaina."

Kafin hutun ya fara cewa ƙafafunsa sun yi nauyi a kan fedar keke. Daga baya ya ce leɓɓansa da yatsunsa suna masa wani yam-yam, allura tana suɓuce masa. Malama ta ce gajiya ce, ya rage karɓar aiki. Ranar Laraba da safe ya kasa tashi daga tabarmar salla sai da Mama ta kama shi, shi ne ta kira Yaya suka tafi asibiti. Malama tana aji aka buga mata waya.

Ta tarar da Yaya a baranda yana rigima da wata nas.

"Na gani da idona, insulin suka sa masa da ruwan sukari. Baba ba shi da ciwon sukari! Ke ki yi musu magana, sun haɗa shi da wani ne."

Ba su haɗa shi da kowa ba. Malama ta tsaya da jakarta a kafaɗa, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Ta san insulin saƙo ne, yana sauka a jikin tantani ya sa famfunan nan su ƙara himma. In an ba wanda ba shi da ciwon sukari, to so ake ƙwayoyin jikinsa su janye wani abu daga cikin jini da gaggawa. Abu ɗaya ne ta san famfon yana jawowa ciki. Fotasiyam.

Likitar da ta fito mace ce mai ƙaramin jiki, da alamar ba ta zauna ba tun safe. Ta ce su ne iyalan tela? Ta ce zuciya tana bugawa ne da saƙon da ƙwayoyinta suke miƙa wa juna, saƙon kuma ya dogara da bambancin fotasiyam na ciki da na waje. In na waje ya taru, saƙon sai ya rikice, shi ya sa aka hana shi ayaba, don tana da shi da yawa. Ta ce sun sa shi a injin wankin ƙoda don a tace masa jini.

"Amma ƙodarsa ba ta lalace har fotasiyam ɗin zai kai haka da kansa ba. Me yake ci? Akwai jiƙe-jiƙe? Wani magani na daban?"

"Babu," in ji Yaya. "Gishiri ma na magani ake sa masa. Ga wadda ta kawo nan, malamar kimiyya ce, ta fi mu sani."

Da alfahari ya faɗa. Likitar ta juyo.

"Wane iri?"

"Mai fotasiyam," in ji Malama.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon zangon nan."

"A kowane abinci?"

"A kowane abinci."

Likitar ta rubuta, ta ce a cire kwalbar daga kicin yau, ta koma ciki.

Yaya ya ɗauki lokaci kafin ya haɗa zancen. Da ya haɗa, bai ɗaga murya ba, abin da bai saba ba.

"Kin karanta abin da ke ciki?"

"Na karanta."

"Kin karanta kika ba shi."

"Yaya, ni na ce mata ta nemo..." Auta ta fara, duk da ba ita ta ce ba.

"Ke rufe mana baki." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu mai tabon wuta. "Ni na ce ta nemo. Da na bar shi da ƙullin ledarsa a bayan shago."

Mama tana zaune a benci, takalman Baba a cinyarta, don a layi aka bar su lokacin da aka ɗauke shi. Ba ta dubi kowa ba.

"Hannuna ne ya zuba," ta ce. "In na ga ya ci da yawa, washegari sai in ƙara."

Aka bar su su leƙa shi ɗaya bayan ɗaya. Malama ta shiga a ƙarshe. Jininsa yana fita ta siririn tiyo, ya ratsa wani bututu mai kama da kwalbar ruwa, ya dawo ta wani tiyon. Nas ɗin da ke kula da injin ta ga tana kallon bututun, ta fara yi mata bayani cewa a ciki akwai tantani, jini a gefe ɗaya, ruwan wanki a ɗaya gefen. Malama ta gyaɗa kai ta bar ta ta gama. An cire masa tabarau, karan hancinsa da shatin inda yake zama. Ta gyara masa zanen da ya zame daga ƙafarsa. Ta buɗe baki za ta ce Baba, sai ta ga ba ta shirya abin da zai biyo baya ba, ta tsaya a gefensa har nas ta ce lokaci ya yi.

Washegari awon jininsa ya dawo daidai. Zuciyar tana bugawa da kanta, ba tangarɗa. Likitar ta ce saura ƙwaƙwalwa, don ba wanda ya san tsawon lokacin da ta yi babu jini kafin na kusa da shi a layi ya gane ba gyangyaɗi yake ba.

Malama ta ɗauki hutu daga makaranta. Ita take zaman rana, Yaya ya karɓe ta in ya rufe shago. Suna gaisawa, ta gaya masa abin da nas ta ce, ya ce to. Bai sake kiranta likitar allo ba, bai kuma samo wani sunan ba, sai ya riƙa fara magana ba tare da ya kira ta ba.

Ranar Asabar da azahar Mama ta sa yatsunta a tafin hannun Baba tana masa magana, ya damƙe su. Ta kira Malama, Malama ta kira nas, nas ta kira likita. Likitar ta zare hannun Mama a hankali, ta sa bironta a wurin. Ya damƙe biron ma. Ta ce masa ya saki. Ta sake faɗa da ƙarfi, kusa da kunnensa. Yatsun suka ɗan sassauta, ko don ya ji ne, ko don sun gaji, ta ce ba za ta iya cewa ba. An sa za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa ranar Litinin.