Ruwan Juma'ar Cyprian

Shekara da shekaru mutanen wani ƙauye a bayan Dutsi sun yarda famfonsu mai aiki da hasken rana ya san Juma'a. Kullum ruwa tsiri-tsiri yake zuwa a bakin masallaci, amma ranar Juma'a da hantsi sai ya ɓalle, kowa ya yi alwala har ya cika buta. Albarkar ranar ce, in ji su.

Sai tsawa ta ƙona ƙwaƙwalwar famfon. Cyprian, mai sayar da kayan gyaran inji a Daura, wanda ya haɗa ta, tuni tsufa ya mai da shi garinsu. Aka sayo sabuwa, aka danƙa wa Murjanatu 'yar Liman, tunda ita ta karanta kwamfuta. Matsalar ɗaya ce: umarnin da Cyprian ya rubuta da harshen kwamfuta mai suna C yake, sabuwar kuwa harshen Python take ji. Dole a juya shi.

Aikin ya burge ta ainun. C kamar tsoho mai ƙa'ida yake, ba ya karɓar komai sai ka faɗa masa irinsa da girman mazubinsa. Python kuwa ɗan gari ne, ka yi masa nuni ya gane. Abin da Cyprian ya cika shafi da shi, ita a 'yan layuka ta gama. Ta iske wani wuri da ya ce idan lambar ranar mako ta zama biyar a buɗe bututun gabas gaba ɗaya. Ba ta san dalili ba, ta kwafe biyar ɗin yadda take.

Juma'a ta zo, famfo ya yi tsit. Wayyo! Dattawa suka yi cirko-cirko da butoci.

"A zamanin macijin Kusugu ma ran Juma'a ana samun ruwa," in ji Kabiru mai shayi. "Yarinya ta taɓa, albarka ta tashi!"

Liman ya ɗauki butarsa ya wuce bai dube ta ba, wannan ya fi yi mata ciwo. Masu unguwa suka ce Juma'a mai zuwa in aka sake, za a cire abin a nemo namiji daga Katsina.

Ran Asabar da hantsi sai ga ruwa ya ɓalle a masallaci, ba kowa sai awaki. Murjanatu ta tsaya tana kallo. Ta ruga ta duba umarnin. Ashe C daga Lahadi yake fara lissafin mako da sifili, biyar ɗinsa Juma'a ce. Python daga Litinin yake farawa, tasa biyar ta faɗa kan Asabar. Ta mai da ita huɗu.

Ikon Allah! Mutumin da ke rufe shago ran Lahadi ya tafi coci, shi ya zauna ya koya wa inji Juma'arsu, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da Juma'a ta zagayo, ruwa ya riga ladan. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, ashe ba albarka ba ce, Cyprian ne ya rubuta."

Liman ya tara hannu a ƙarƙashin famfon, ya daɗe yana kallon ruwan.

"Albarka ce mana, Murja. Ta hannunsa ta biyo. Nemo mini lambarsa."